Zaman tattaunawa da masanin halayya: me yake gyarawa, kuma ta yaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan kasuwa ne, shekararsa 27. Wata takwas da suka wuce 'yan bindiga suka tare motarsu a gabashin Sakkwato. Shi ya tsira, wanda ke zaune kusa da shi bai tsira ba. Tun daga nan ba ya barcin kirki, ya daina fita shago, ko ƙarar babur ya ji sai gabansa ya yi ta faɗuwa. An yi gwaje-gwaje an ce jikinsa lafiya lau. Likita ya rubuta magani, ya kuma ce ya riƙa zuwa wurin masanin halayya duk mako su tattauna. Baba ya ce in dai magana ce mun yi mashi har mun gaji, Malam ma ya yi mashi nasiha da addu'a. Mi wanga zaman zai ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ƙanenki lafiya.

Baba yana da gaskiya ta fuska ɗaya. Da a ce zaman nan nasiha ce, da babu abin da zai ƙara a kan wadda ku da Malam kuka yi, don babu masanin da zai fi mahaifi iya yi wa ɗansa nasiha. Sai dai ki duba abin da nasiha take ba mutum: sani. Ƙanenki kuwa ba sani ya rasa ba. Ya san ƙaddara ce. Ya san babur ɗin da ya wuce ta ƙofar gida ɗan kabu-kabu ne ke neman na cefane. Amma kafin sanin nan ya iso, zuciya ta riga ta hau bugu, gumi ya karyo, gwiwa ta yi sanyi. Abin da ake yi a zaman horo ne, mataki-mataki, da aikin gida da awo, har jiki ya daina zabura a kan abin da babu haɗari a cikinsa.

Ga yadda ciwon yake kama mutum. A lokacin tashin hankali irin wanda ya gani, ƙwaƙwalwa ba ta samun sararin jera abin da ya faru daki-daki kamar sauran labaran rayuwa. Gutsi-gutsi take ajiyewa: ƙarar inji, warin ƙura da fetur, ihun wani, fuskar wani. Duk ranar da ɗaya daga ciki ya gitta, sai jiki ya ɗauka yanzu abin yake faruwa. Ga yawancin mutane wannan yana lafawa da kansa a makonnin farko. Idan ya haura wata ɗaya yana hana barci da nema, likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa, wato ciwon firgici, wanda ake rubutawa PTSD a kati.

Babban abin da ke hana shi lafawa shi ne gudu. Ya ji babur, ya shige ɗaki, gaba ya daina faɗuwa. Sauƙin nan na minti biyar shi ne tarkon, don ƙwaƙwalwa ta ɗauki darasin cewa ɗakin ne ya cece shi. Gobe sai ta nemi ya gudu tun da wuri. Da farko hanyar ƙauye kawai yake tsoro, sai tasha ta shigo, sai kasuwa, sai ƙofar gida. Zaman ɗaki kuma yana haifar da nasa ciwon: babu ciniki, babu abokan hira, ga kunyar karɓar kuɗi a hannun 'yan'uwa, ga barcin rana da ke cinye na dare. A wata na takwas yawanci ba tsoro kaɗai ake jinya ba, har da baƙin cikin da ya hau kansa.

Wanda ya rubuta masa magani likitan ƙwaƙwalwa ne, wato likita da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni. Masanin halayya na asibiti ba ya rubuta magani. Karatunsa na halayyar ɗan Adam ne, da digiri na biyu a ɓangaren jinya, da horo a kan majinyata. Akwai kuma nas-nas da jami'an walwala da aka horar a kan wasu sassan aikin. A jihar Sakkwato manyan wuraren da ake duba irin wannan ciwo su ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Zaman farko kusan awa ɗaya ne, kuma tambayoyi sun fi yawa a cikinsa. Yaushe abin ya fara, me ke tayar da shi, ƙarfe nawa yake kwanciya, sau nawa yake farkawa, yaya cin abinci, wa yake iya zama da shi. Za a tambaye shi abin da yake sha ba tare da kunya ba: goro nawa, shayi kofi nawa, sigari, tiramol, maganin barcin kemis. Za a tabbatar an duba ƙarancin jini, da sukari, da matsalar tayirod mai kawo maƙoƙo, domin duk suna iya sa bugun zuciya da kasala. Za a kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu. Iyalai sukan tsorata da wannan tambaya, suna ganin kamar za a sa masa abin a rai. Tambaya ba ta dasa tunanin. Wanda yake da shi ma sauƙi yake ji idan aka tambaye shi ba tare da salati da faɗa ba.

Ba a tilasta masa ba da labarin harin a ranar farko. Abin da ake so a tashi da shi biyu ne: awo da manufa. Awon takarda ce ta tambayoyi. Wadda aka fi amfani da ita ga baƙin ciki ita ce PHQ-9, tambaya tara, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ana ɗaukar ciwon ya kai a yi jinya, ƙasa da 5 kuwa an kusa rabuwa da shi. Akwai irinta ta firgici mai tambaya 20. Ana maimaita su a kai a kai, don kada a dogara da "Alhamdu lillahi, da sauƙi" da kowane Bahaushe zai faɗa ko yana kan gadon asibiti. Manufa kuma dole ta zama abin da ido zai gani. "In warke" ba ta auno. "In zauna shago daga hantsi zuwa azahar, kwana biyar a mako" tana auno.

Zama biyu ko uku na farko na shimfiɗa ne. Ana yi masa bayanin da na yi miki a sama, da misalan rayuwarsa, har ya gane ba hauka yake yi ba kuma ba raunin imani ba ne. Wannan kaɗai yana sauke nauyi, don da yawa tsoron haukacewa ya fi damunsu a kan tsoron 'yan bindigar. Sai a kama barci. Lokacin tashi guda ɗaya kowace rana, ko da daren ya lalace, kuma asuba ta riga ta ba mu wannan. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Goro da shayi mai kauri a ajiye su daga la'asar. Idan ya kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, ya tashi ya koma tabarma ya yi abu mai sanyi, lazimi ko karatu, ban da waya, sai barci ya fara fizgarsa ya koma. Dalili shi ne kada shimfiɗa ta zama wurin da jiki ya saba da juye-juye da tunani. Ana koya masa numfashin ciki a hankali, daƙiƙa uku shiga, uku fita, minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, lokacin da hankalinsa yake kwance. Wanda ya bari sai gaba ya faɗi sannan ya gwada, ba zai iya ba.

Sai jadawalin yini, wanda aka fi raina shi alhali yana cikin abin da ya fi aiki. Mai baƙin ciki yana jiran sha'awa ta dawo kafin ya motsa, ita kuwa sha'awar bayan motsi take zuwa. Don haka ana rubuta ƙananan ayyuka a rataya su a jikin lokutan salla: tafiyar minti goma bayan asuba, cin abincin rana tare da mutanen gida maimakon a kai masa ɗaki, magariba a masallacin unguwa, kiran abokin ciniki ɗaya a waya. Yana yi ko ya ji daɗi ko bai ji ba, ya sa alama, ya kawo takardar zama na gaba.

Daga nan ake shiga zuciyar aikin, wato fuskantar abin da yake gudu. Shi da masanin za su jera abubuwan daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne ya ba shi maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da yake ji. A ce sauraron ƙarar babur a waya cikin ɗaki 3 ne, zama a dakalin ƙofar gida da yamma lokacin da babura ke kai da komo 5, hawa kabu-kabu zuwa Tsohuwar Kasuwa 7, shiga tasha ya zauna cikin mota 9. Ana farawa daga na 3 ko 4. Kafin ya fara zai faɗi abin da yake zaton zai faru: "zan suma", "zuciyata za ta tsaya". Sai ya zauna a wurin yana duba makin duk bayan minti biyar. Tsoron zai hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka da kansa, sau da yawa cikin minti ashirin zuwa arba'in. Ƙa'ida ita ce kada ya tashi sai makin ya ragu da kusan rabi. Bayan nan a koma kan hasashen: ka suma? Zuciyar ta tsaya? Ana maimaita mataki ɗaya kullum har ya zama abin gundura, sannan a hau na gaba.

Wurare uku ake ɓata wannan aiki. Na farko tashi ana tsakiyar tsoro, don yakan sake tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa gudu ne mafita. Na biyu tsallake: yayansa ya ga an samu ci gaba, ya ɗauke shi a mota ya kai tasha ba shiri, wai don a gama da abin gaba ɗaya. Yaro ya dawo ya fi da rufewa. Na uku dabarun ɓoye, irin su haɗiyar ƙwaya kafin fita, toshe kunne da abin sauraro, ko sai wani ya riƙe masa hannu. Zai fita lafiya ya dawo lafiya, amma a ransa ƙwayar ce ta tsare shi, saboda haka bai koyi komai ba.

A nan akwai iyakar da masanin kirki a Sakkwato dole ya kiyaye. Haɗarin wasu hanyoyin Isa da Sabon Birni na gaske ne, kuma tsoronsu hankali ne. Babu wanda zai sa irin wannan hanya a jerin horo. Abin da ake rabawa shi ne tsoron da ke tsare rai da tsoron da ya bi mutum har cikin Mabera ko Arkilla ya hana shi sayen burodi. Shi ya sa ake koya masa, duk lokacin da gabansa ya faɗi, ya lissafa bambancin wancan lokaci da yanzu: can daji ne, nan kwalta ce da shaguna. Can su da yawa ne da makamai, nan yaro ne ɗaya da fasinja. In sana'arsa ta dogara da waccan hanya, zaman zai haɗa da lissafin mafita: aika kaya ta hannun direba, canza kasuwa, ko riƙe shagon gari kawai na wani lokaci.

Sashe mafi nauyi shi ne komawa kan ranar kanta. Zaman yakan kai awa ɗaya da rabi. Zai ba da labarin tun daga kafin a tare su har zuwa inda ya tabbatar ya tsira, kamar yanzu yake faruwa, da abin da ya gani da wanda ya ji da wanda ya raya a ransa. Masanin zai tsayar da shi a wuraren da muryarsa ta canza ko ya yi saurin wucewa, don nan ciwon yake. Ana naɗa a wayarsa ko a rubuta, ya saurara a gida kullum a lokacin da aka ware, ba dab da kwanciya ba. Da maimaitawa gutsattsarin suna haɗuwa su zama labari mai farko da ƙarshe, abin da ya faru ya wuce.

Za ki ce ai ya ba 'yan jaje labarin nan ya fi a ƙirga, me ya sa bai warke ba? Labarin jaje daban ne. Yana ba da shi ne da baki, a taƙaice, yana tsallake daƙiƙun da suka fi ci masa rai, masu sauraro kuma suna katse shi da salati da "Allah ya kiyaye gaba". Wannan fama ciwo ne ba tare da an wanke shi ba. In da hali ma ku rage masa shi: wani daga cikinku ya riƙa amsa wa baƙi.

Ki sani tun yanzu, mako ɗaya ko biyu bayan fara wannan sashe mafarkai suna iya ƙaruwa, ransa ya riƙa saurin ɓaci. A nan ne iyalai da yawa suke cewa zaman yana ƙara masa ciwo, su hana shi komawa, a bar aiki a buɗe. Abin yi shi ne a gaya wa masanin, ya rage sauri in ya cancanta.

A cikin labarin nan ne abin da ƙanenki bai gaya wa kowa ba yakan fito. Wanda ya tsira aka kashe na kusa da shi, sau da yawa yana ɗauke da hukuncin da ya yanke wa kansa: na gudu na bar shi, ni na ce mu bi motar nan, me ya sa ni na rayu. "Ba laifinka ba ne" ba ta shiga, ya ji ta sau ɗari. Masanin tambayoyi yake yi, ya bar shi ya amsa da bakinsa. Daƙiƙa nawa ka samu kafin ka yanke shawara? Me ka sani a wannan safiya, me kuma sai daga baya ka sani? Da ka tsaya, da me za ka tare harsashi? Da ƙanenka ne ya gudu ya tsira, za ka kira shi maci amana? In aka raba alhakin mutuwar nan kashi ɗari, nawa ne na wanda ya harba? Amsar da ya kai gare ta da kansa ita ake rubutawa, a mayar da ita cikin labarin daidai wurin da zargin yake tasowa. Mai jinya da ya san mutanensa zai iya tuna masa hadisin da ya hana mutum cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", saboda wannan "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ya san hadisin tun yana yaro. Sabon abu shi ne ya gane a wace daƙiƙa ce ta labarinsa yake buƙatarsa.

Wannan hanya ta kama tunani a auna shi da hujja, likitan Amurka Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960, ita ake kira CBT, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta na masu firgici cikin jinyar da ta ba da shawara a kai a 2013. In Baba yana ganin abin baƙo ne, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya riga ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya shawarci mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Addu'a da ruƙya ta shari'a ba sa karo da zaman, ya ci gaba da su. Abin da ke karo da shi dukan majinyaci ne, da hayaƙi mai shaƙe mutum, da ɗauri da mari, da duk wanda zai ce a jefar da maganin asibiti.

Maganin da likita ya rubuta yana da nasa ƙa'idoji. Irin su sertraline da fluoxetine da amitriptyline ba sa aiki a ranar da aka sha. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, kuma kwanakin farko suna iya kawo tashin zuciya, ciwon kai ko ƙarin rashin natsuwa. Wasu suna rage sha'awar iyali, abin da saurayi ko ango ba zai faɗa ba, sai dai ya daina sha a ɓoye. Ya gaya wa likita, ana iya canzawa. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba aƙalla wata shida, a kuma janye a hankali. Idan azumi ya zo a tambayi likita lokacin sha maimakon a ajiye. Wanda zan ja kunnenki a kai shi ne diazepam, wanda ake saye a kemis da sunan Valium ko D5. Yana kwantar da mutum cikin rabin awa, shi ya sa ake son sa, amma jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, kuma yana hana horon fuskantar tsoro kamawa. Haka tiramol. In yana shan ɗaya daga ciki kullum, kada a yanke masa rana ɗaya, don yankewar gaggawa tana iya kawo jijjiga. Likita ne zai tsara ragewa.

Rabonku a aikin ba kaɗan ba ne. Zaman awa ɗaya ne a mako, sauran yana hannunku. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro a Abeokuta, inda majinyata suke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da ɗan'uwa mai kula da su, saboda ya ga jinyar ɗan Afirka ba ta tafiya in an cire dangi. Ki nemi masanin ya ba ku zama ɗaya, ke da Baba ko Inna, da izinin ƙanenki, a nuna muku abin da za ku yi. Galibi abin da za a roƙe ku shi ne ku rage tausayin da ke taya shi gudu: kai abinci ɗaki, hana yara kunna babur a ƙofar gida, amsa masa "babu abin da zai faru" sau goma a yini. A hankali ake janye su, da saninsa, ba da fushi ba. Gori kuma a bar shi gaba ɗaya. "Kai ba namiji ba ne?" da "wane ma an sace shi ya dawo yana harkarsa" ba su taɓa fitar da kowa daga ɗaki ba.

Abu ɗaya zai yi wa Baba nauyi: masanin ba zai gaya masa abin da ɗansa ya faɗa a ciki ba. Ba raini ba ne. In yaron ya san maganarsa za ta dawo tsakar gida, ba zai taɓa faɗin zargin da yake yi wa kansa ko ƙwayar da yake sha ba. Galibi ana karya sirrin ne idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo ne da tanadin haƙƙoƙin majinyaci irin wannan.

Irin wannan zama ba na masu firgici kaɗai ba ne. Mai waswasin alwala da ke shafe awa a bakin famfo ana horar da shi ya yi sau ɗaya ya tashi, ya jure rashin natsuwar ba tare da ya maimaita ba, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya riga ya ce mai waswasi a salla ya yi watsi da shakkarsa ya yi ba'adi. Mai jego da baƙin ciki ya wuce mata mako biyu bayan haihuwa, ɗalibin da jarrabawa ke sa shi amai, ma'auratan da kowace magana ke zama faɗa, matashin da ke son barin ƙwaya yana komawa, kowanne da tsarinsa.

Yadda za ki gane an dace da mai jinya: zuwa zama na uku ƙanenki zai iya gaya miki, a jimla biyu, abin da ake ƙoƙarin gyarawa da aikin da aka ba shi na makon. Kowane zama yana farawa da duba aikin da ya gabata. Shi ya fi magana, ba masanin ba. In kuwa zaman ya zama wa'azi, ko hira mara alƙibla wata da watanni, ko ana alkawarin warkewa a zama ɗaya, ko ana tallar wani garin magani, ko ana raina addininsa, a nemi wani. Masu kiran kansu ƙwararru a TikTok da WhatsApp sun yi yawa. Tambayar inda mutum ya yi karatu da asibitin da ya yi horo ba rashin kunya ba ce. Wani lokaci ma masanin ƙwararre ne, jininsu ne kawai bai haɗu ba, kuma neman canji a kan haka halal ne.

Akwai alamun da ba a jiran ranar zama a kansu. In ya fara cewa gara ya mutu ko ya zame muku kaya, yana rabar da kayansa, yana neman yafiya ba dalili, ya daina ci da sha, yana jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana surutu ba kai, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi da makami daga inda hannunsa zai kai.

Jinyar firgici irin nasa takan ɗauki zama takwas zuwa goma sha biyu, mako-mako. Takan fi haka in masifar ta maimaitu ko akwai ƙwaya a ciki. In an kai zama na shida awo bai motsa ba, a zauna a bincika: ana yin aikin gida? Akwai abin da ya ɓoye? Maganin ya dace? In kuɗin mota ne matsala, a faɗa tun ranar farko, don a tsara zuwa duk mako biyu da kiran waya a tsakani. Wannan ya fi a zo uku a jere sannan a ɓace wata biyu. Akwai ma gajeren tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya, PM+, zama biyar na minti casa'in, wanda ma'aikacin da aka horar yake iya gudanarwa. Yana taimakawa ga damuwa da tsara rayuwa, ko da yake bai kai zurfin aikin da ake yi a kan ranar harin ba.

Zaman ƙarshe-ƙarshe ana tazara tsakaninsu, mako biyu, sannan wata. A cikinsu ake rubuta masa takarda guda: alamunsa na farko in abin zai dawo, matakan da suka yi masa aiki, da wanda zai kira. Ku sa ido a lokacin da shekara ta zagayo kan watan da abin ya faru, da duk ranar da labarin wani sabon hari ya karaɗe gari. Barci yana iya lalacewa kwana biyu ko uku, wannan ba komawar ciwo ba ce. In ya fara ƙin fita shago ya kai mako biyu, ya ɗauko takardar ya koma matakin da ya fi sauƙi, a kuma nemi zama ɗaya ko biyu na tuni.